Hannun Baba da Kwalin Ashana

A shagonmu da ke Funtua ba a shigowa hannu rabbana. Kowa da abin da ya riƙo. Wani tsohon kwaɗo ne da ya ƙi buɗuwa, wani karyayyen noti ne a aljihu, wani kuma guntun karan dawa ne da ya yanka daidai tsawon ƙusar da yake so. Na taɓa ganin wata tsohuwa ta kwance bakin zani ta fito da sabulu, ashe bakin famfonta ta danna a kai har zagayen ya fito, ta kawo wa Baba ya gani. Duk waɗannan samfur muke ce musu, kuma da su aka yi cinikin shagon tun kafin a haife ni.

Kayan gini da na ƙarfe Baba yake sayarwa: ƙusa, sakata, kwaɗo, fenti, tiyo, kan famfo, da ƙananan kayan injin ban-ruwa. A bayan kujerarsa akwai wani faffaɗan katako da ya kafe kowane irin kaya a jiki, daga ƙarami zuwa babba. In ka miƙa masa samfur sai ya juya shi a tsakanin yatsu, ya waiwaya ya aza shi a jikin na katakon, ya ce, "Wannan ne." Daga nan ba a sake magana. A ƙarƙashin kanta kuma akwai wani kwando da yake ce wa kwandon dawowa, inda ake jefa kayan da mutum ya saya ya je gida ya tarar bai yi daidai ba. Babban abin alfaharin Baba a duniya shi ne gizo-gizo ya yi saƙa a cikin kwandon nan. Yakan ce mutumin da ya taso daga Ɗandume ko Malumfashi ya bar aikinsa, bai kamata a sa shi ya yi hanyar sau biyu ba.

Ni ce ɗiyarsa ta uku. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana, ko da kuwa faɗa yake mini. Ina koyar da kwamfuta a wata makarantar 'yan mata, kuma gara in faɗa tun yanzu: ba na son a ce na yi kuskure. A gida an san ni da wannan, a makaranta ma an sani.

Shekarar da nake ba da labarinta, ciwon yanar ido ya rufe wa Baba idanu. Tun yana musu har ya daina, domin ya kai ga sai ya ji murya yake gane mai sallama. Likita ya ce aikin ba wani mai wuya ba ne, amma bayan an yi sai ya yi sati shida bai shiga shago ba, saboda ƙurar siminti da ta ƙarfe. A nan aka sami matsala. Wanda zai zauna masa shi ne Baffa, ƙanensa, tsohon direban babbar mota da ya ajiye tuƙi. Baffa mutum ne mai gaskiya da fara'a, amma ban da taya da birki bai san girman komai ba. Baba ya ce shi ba zai kwanta a rufe masa ido ba alhali ana cika masa kwando. Aka sa ranar aiki ya ɗaga, aka sake sawa ya sake ɗagawa. Abin ya dame ni ƙwarai, domin ina ganin yadda yake laluben bakin ƙofa da ƙafa in zai fita.

Sai na tuna shagon yana da shafi a intanet. Yayana ne ya yi shi kafin aiki ya kai shi Kaduna, kuma Allah ya ba shi lada, amma shafin abin dariya ne. Hoton wani shago ne na wata ƙasa, da wani ƙato sanye da hular kwano ruwan ɗorawa yana murmushi, sai rubutun Turanci a ƙasa. Kafin hoton ya buɗe ka dama koko ka sha. Na ce a raina, in na gyara shafin nan na sa kowane kaya da hotonsa da lambarsa, mutum zai duba daga gida ya faɗi lamba, Baffa ya ɗauko. Ba sai an nemi idon kowa ba.

Na faɗa wa Baba. Ya ce, "To, Uwata, gwada mu gani." Yadda ya faɗa na san bai yarda ba, sai abin ya ƙara mini ƙaimi.

Hutun makaranta gaba ɗaya a kan aikin nan ya ƙare. Na sayo farin kwali na shimfiɗa a bayan shago inda haske yake da kyau. Kowane kaya sai na goge shi da tsumma kafin in ɗauka. Na yanke hotunan duka suka zama girma ɗaya, murabba'i reras, kamar yadda nake gani a shafukan manyan kantuna. Na jera su bi da bi bisa harafin farkon sunansu kamar rajistar aji, na rubuta inci nawa ne a ƙarƙashin kowanne da ƙananan haruffa, don kada rubutu ya ɓata kyan hoton. Ranar da na gama na yi ta buɗe shafin ina rufewa, ina jin daɗi ni kaɗai. Na tura wa malaman makarantarmu, kowa ya ce ya yi kyau kamar ba na Funtua ba, ni kuwa na ɗauki wannan a matsayin yabo.

Na kai wa Baba wayar. Ya kawo ta dab da hancinsa, ya mayar da ita nesa, ya miƙo mini.

"Ba ni ganin komi sai fari. Faɗa mani mi ke ciki."

Na yi masa bayani dalla-dalla. Ya saurara har na kai ƙarshe, sannan ya ce, "To samfur fa? Ina mutum zai aza shi?"

Na ce, "Baba, ai an wuce nan. Ga inci nan a rubuce."

 Ya ɗauki carbinsa, ni kuma na ɗauka na yi nasara.

Muka buga adireshin shafin a 'yan takardu, Baffa yana raba wa duk wanda ya shigo. Sati biyu shiru. Ran nan Baba ya tafi asibiti a sake duba idon, ni da Baffa muke shago, sai ga ɗan acaɓa daga wajen Danja da 'yar takarda a hannu. Ya ce wani Malam mai lambun tumatir ne ya aiko shi, bakin injin ban-ruwansa ne ya tsage, wato ƙarfen da ake ɗaura tiyo a jikinsa. Babu samfur, lamba ce kawai a takardar. Na duba, lambar bakin inji ce mai inci uku. Na ɗauko da hannuna na ba shi. Har rawa na ɗan taka bayan ya fita, Baffa yana dariya yana cewa yau 'yar boko ta ci kasuwa.

Da Baba ya dawo na tare shi da labarin tun daga bakin ƙofa. Tambaya ɗaya ya yi: "Ya kawo tsohon?" Na ce bai kawo ba, kuma ba a buƙata.

Bayan kwana biyu, da hantsi, wani dattijo siriri ya yi sallama, ƙafafunsa da busasshen taɓo. Baba ya gane muryarsa nan take, ya ce, "A'a, Malam, kai ne da kanka?" Suka gaisa, aka tambayi iyali da ruwa da lambu. Sai Malam ya buɗe buhun da ya riƙo ya fito da abu biyu ya ajiye a kan kanta: sabon da na ba ɗan acaɓa, da tsohon nasa da ya tsage. Ko makaho ya shafa ya san ba ɗaya ba ne. Nasa inci biyu ne.

Ban jira an tambaye ni ba na ce, "Malam, ai lambar da ka aiko ita na bayar."

Ya ce, "Gaskiyarki, Malama, ba ki yi laifi ba. Ni ma sai da na gwada kafin in aiko."

"Ka gwada? Da me?"

Ya ciro wayarsa, ya buɗe shafin, ya kai kan hoton mai inci uku. Sannan ya ɗauki tsohon bakin injinsa ya kifa shi a kan gilashin wayar, a kan hoton. Ya zauna daram, zagaye a kan zagaye, ko gashi ba zai shiga tsakani ba.

"Kin gani? Yadda Alhaji ke azawa a katako haka na aza. Na gwada na sama ya yi mani daidai, shi ke nan ban duba na ƙasa ba."

Na buɗe baki in ce wa ya taɓa auna ƙarfe da hoton waya, sai na gane abin da ya faru. Da ya gwada na ƙasan ma daidai zai yi masa, domin ni da hannuna na mayar da su duka girma ɗaya. Ƙusa mai inci ɗaya da mai inci shida tsawonsu ɗaya a shafina. Mutumin nan ya yi abin da ya ga ana yi a shagon nan shekara da shekaru, kuma ya yi shi da kyau.

Baba ya tambaye shi kwana nawa tumatirin bai sha ruwa ba. Ya ce yau na uku, sai ɗan abin da suka ɗiba da bokiti shi da iyalinsa. Baba ya shafa tsohon, ya juya ya lalubi katakonsa, ya sa Baffa ya ɗauko mai inci biyu. Ya ba Malam haƙuri har sau uku, kamar shi ya yi laifin. Da Malam ya fita sai Baba ya ɗauki mai inci ukun, ya sunkuya ya jawo kwandon dawowa, ya sake shi a ciki. Har yau ina jin ƙarar da ya yi.

Ya ce, "Uwata, ki kira asibiti. A ɗaga aikin."

Na ji kunya, na ji haushi, kuma haushin ya fi yawa a ranar. Na koma gida na yi kwana biyu ban taka shagon ba. Ina ta shirya jawabi a raina kan yadda mutanenmu ba sa karanta abin da aka rubuta. Jawabin ya yi daɗi sosai, sai dai duk lokacin da na kai ƙarshensa sai in tuna Baba yana laluben bakin ƙofa, kuma jawabin bai gyara wannan ba.

Ranar Asabar na koma. Ban ɗauki kwamfuta ba, na sami benci a gefe na zauna kamar baƙuwa. Tun ina yarinya nake shiga shagon nan, amma ban taɓa zama don in ga yadda ake aiki ba. Na ga ba mai cewa inci. Ana cewa "irin na wancan karon", ko "wanda ya fi wannan kaɗan", ko a nuna da yatsa. Na ga ba mai neman kaya da harafin farkon sunansa. Mutum yakan ce rufi zai yi, ko ƙofa ce ta lalace, ko inji ne, daga nan Baba ya san ɓangaren da za a nufa.

Wajen azahar wayar Baba ta yi ƙara. Wani ne daga Ɗandume, tiyonsa ya fashe, yana so a ba direba ya kai masa. Na kasa kunne in ji yadda za a yi ba samfur.

Baba ya ce, "Akwai ashana kusa da kai? To ɗauko kwalin. Aza shi a bakin tiyon, a kwance. Ya zauna a kai ko ya faɗa ciki?" Ya ɗan saurara. "Ya faɗa? To mai uku ne. Za a ba direba."

Na miƙe tsaye ban sani ba. Na ce, "Baba, tun yaushe kake wannan?"

"Wanne?"

"Na ashana."

Ya ce, "Tun da waya ta zo. Wane gida ne babu ashana? Tef kuwa sai tela da kafinta."

"To me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

Ya juyo da fararen idanunsa wajen da muryata take, ya ce, "Kin ce an wuce nan."

Baffa ya yi dariya har da buga kanta. Ni ma na yi, amma tawa ba ta kai ciki ba sai daga baya.

Washegari na naɗe farin kwalina na ajiye. Na sayo ashana, irin ƙaramin kwalin nan da ke kowane kicin. Muka fara ɗaukar hotuna daga farko, kowane kaya da kwalin ashana a gefensa. Sai dai noti yana gangarawa, tiyo yana naɗewa, kwalin yana faɗuwa. Baba ya gaji da jin tsakina ya ce in kawo ya riƙe mini. Haka muka yi sati uku, kullum bayan la'asar in na taso daga makaranta. Yana zaune a kujerarsa, ya buɗe tafin hannunsa, kaya a gefe ɗaya, ashana a gefe ɗaya, ni kuma ina ɗauka. Ban taɓa zama da mahaifina mu biyu na tsawon lokaci haka ba. Kowane ƙarfe da labarinsa. Wannan sakatar ita ce masu shagunan hatsi suka fi so, wannan kan famfon kyan gani ne kawai, kada in sa shi a gaba. Wani lokaci sai an kira magariba muke farga ba mu ɗauki abin kirki ba, hira muka sha.

Niyyata in na gama in yanke hannun daga hotunan, in bar kaya da ashana kawai. Hannun Baba ba na talla ba ne. Akwai tabon da kwanon rufi ya yi masa a babban yatsa, farcen manuniya ya yi baƙi tun wata guduma da ta same shi, ga tsatsa da ta zauna a layukan tafin ba ta fita ko an wanke.

Sauran gyaran bai ba ni wuya ba da na daina gardama. Na watsar da jerin haruffa, na raba shafin yadda mutane suke tambaya: na rufi, na ƙofa da taga, na ruwa, na gona. Na mayar da komai Hausa, da manyan haruffa. Na rage nauyin hotunan don su buɗe ko a inda sabis yake da rauni. A saman kowane shafi na rubuta: kada ka aza samfur a kan waya, aza shi kusa da kwalin ashanarka, ka duba hoton da ya yi kama. Na kuma sa wurin da mutum zai danna ya turo hoton nasa samfurin tare da ashana. Saboda waɗanda ba sa karatun boko, na sa Baba ya faɗi wannan bayanin da bakinsa na naɗa. Sai da muka yi sau bakwai, domin kullum sai ya fara da gaisuwa da tambayar iyali, kuma a ƙarshe na bar gaisuwar.

Wannan karon ban tura wa malaman makarantarmu ba. Na ce Baffa ya kai ni lambun Malam. Muka bi hanyar Danja a tsohuwar motarsa, yana ba ni labarin kowane rami kamar danginsa ne. Muka tarar da Malam a bakin rafi, inji yana ta aiki. Abin da na fara dubawa tumatirin ne. Ya tashi, ya yi kore shar, sai gefe ɗaya can ƙarshe da ya bushe. Na tsaya ina kallon gefen nan. Malam ya lura ya ce, "Bar kallon nan, Malama, dama can ba ya samun ruwa sosai." Na san don in ji sanyi ya faɗa, kuma na ji.

A gindin mangwaro na ba shi haƙuri, na ce kuskuren nawa ne ba nasa ba. Ban saba faɗin haka ba, har Baffa ya waiwayo ya dube ni. Sannan na ce ya buɗe shafin a wayarsa ya nemo mini bakin injinsa, ba zan ce komai ba. Shafin ya buɗe ba jira. Muryar Baba ta fito tana sallama, Malam ya amsa mata da ƙarfi, har da "lafiya lau, Alhaji". Ya shiga na ruwa. Ya laluba aljihu ya fito da ashana, ya je ya kara a bakin injin, ya dawo ya duba hotuna biyu, ya sa yatsa a kan mai inci biyu.

Na ce, "Saura in cire hannun, in gyara hoton ya yi tsaf."

Ya ce, "Wane hannu? Na Alhaji? A'a, Malama, kada ki taɓa. Ni da na ga yatsan nan mai tabo na san shagon ne. Wancan na farko kyau gare shi, amma ban san na wane ne ba."

Na bar hannun.

Saura Baba. Shi ba a shawo kansa da labari. Ya ce jarrabawa zai yi, kuma ba ni zai yi wa ba, Baffa zai yi wa. Ya sa aka juya wa Baffa kujera ya ba katakon baya. Ya zaɓo samfur biyar daga cikin tarkacen da mutane suka bari: noti, guntun tiyo, kan famfo, sakata, da karan dawa. Ya ce Baffa ya nemo kowanne da waya da ashana kawai, in ya faɗi ɗaya magana ta ƙare. Ni aka ce in yi shiru, wanda shi ne ya fi komai wuya a ranar.

Baffa ya sa tabarau, ya gyara hula kamar zai hau babbar hanya. Duk wanda ya ɗauko sai ya miƙa wa Baba, Baba ya shafa sabon da tsohon, ya ajiye gefe. A kan notin Baffa ya daɗe, yana kai ashana yana dawowa. Da aka kai karan dawa ya kara shi da kwalin ya ce, "Ashana biyu cif," ya duba hoto, ya je ya ɗebo ƙusa mai inci huɗu. Baba ya jera ƙusar da karan a tafinsa, ya shafa kawunansu da yatsa.

Ya ce, "Direba, ashe kana da kai."

Baffa ya ce, "Yaya, shekara nawa ina faɗa maka."

Baba ya juyo wajena. "Uwata, kira asibiti. Ki ce ranar da suka ga dama."

Aka yi aikin lafiya. Sati shidan nan Baba ya yi su a gida kamar wanda aka ɗaure. Kullum da yamma in na shigo gaishe shi tambayarsa ɗaya ce, kwandon. In ce yana nan yadda ya bari. Ya ce in faɗi gaskiya, in ce ita na faɗa. Ba wai komai ya tafi sumul ba ne. Akwai masu turo hoton samfur ba ashana, akwai wanda ya turo hoton ashanar kaɗai, akwai kuma da yawa da ba ruwansu da waya, suka ci gaba da zuwa da karansu da sabulunsu. Waɗannan Baffa yakan karɓa ya kara da nasa kwalin ya duba shafin a ƙarƙashin kanta, su kuma su tafi suna cewa ƙanen Alhaji ma ya iya. Malam ya aiko wa Baba da kwandon tumatir na dubiya, muka yi kwanaki muna cin miyarsa.

Ranar da likita ya sallame shi, ko gida bai bari mun tsaya ba. Ya shiga shagon da ƙafarsa ba lalube, ya tsaya yana kallon kantoci kamar wanda ya dawo daga doguwar tafiya. Ya ce fentin bango ya koɗe, ba wanda ya faɗa masa. Sannan ya zagaya bayan kanta ya jawo kwandon dawowa da ƙafa. Abu ɗaya ne a ciki, bakin inji mai inci uku, wanda shi da kansa ya jefa. Ya daɗe yana kallonsa.

Ya zauna ya ce, "Kawo abin naki in gani."

Sai a lokacin na tuna bai taɓa ganin shafin ba. Na buɗe na miƙa masa. Ya riƙe wayar nesa kaɗan, yana turawa da yatsa a hankali. Sakata, kwaɗo, tiyo. Can ya tsaya, ya ɗaure fuska.

"Wannan hannun wane tsoho ne kika sa mani a shago?"

Baffa ya buɗe baki zai yi dariya, na harare shi ya rufe. Baba ya sake duban hoton. Ya ajiye wayar a cinya, ya buɗe tafin hannunsa na dama, ya juya shi, ya dubi tabon da baƙin farcen. Shekaru ke nan bai ga hannun nan sosai ba. Ni kuwa idona ya cika, na juya ina gyara gwangwanayen fenti da ba su buƙatar gyara.

Ya ce a hankali, "Ashe haka ya tsufa, ba a faɗa mani ba."

Na ce, "In cire, Baba?"

"Ki cire ki sa na wa? Bar shi nan. In ba ni cikin shago, hannun ya tsaya mani."

Ya sunkuya ya ɗauko mai inci ukun daga kwandon, ya hure ƙurar da ke kansa, ya miƙa wa Baffa ya ce a mayar cikin kaya, sabo ne ba abin da ya same shi. Ya tura kwandon ƙarƙashin kanta. Ana haka wani mutum ya yi sallama da guntun kara a hannu, Baba ya amsa masa tun kafin ya ƙarasa shigowa, ya miƙa hannu ya karɓa.